Innar Hammadu Tana Can Baya

Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar hoto a Rano, kuma ban taɓa jin kyamara ta raina ni ba sai wannan da na sayo bara wajen Dalhatu a Kano. Ni aikina fasfo ne. Ka zauna, farin ƙyalle a bayanka, ɗaga haɓa, shi ke nan. Wa ke damuwa da abin da ke bayan mutum, in bayan nan ƙyalle ne?

Ran wata Laraba bayan azahar sai ga Hammadu, wani saurayin Bafillace daga wata ruga da ke bayan Lausu. Ya ce ya samu aiki a gonar shanu can Kudu, gobe da safe zai tafi, kuma ba zai leƙo gida ba sai bayan shekara biyu.

"Malam Gwadabe, hoto nake so ni da Innata, guda ɗaya tal," in ji shi. "Ba ta da hoto ko ɗaya, kuma tun damina take fama da ƙirji."

Na ce to mene ne a ciki, ya kawo ta shago su zauna a benci.

Ya yi 'yar dariya. "Ni ne ɗan farinta. Ko sunana ba ta kira, balle ta zauna kusa da ni. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta dube ni ba. In ka ce mata hoto ne da ni, ɗaki za ta shige."

Dabararsa ita ce, da la'asar tana zama gindin ɗorawa tana gyaran ƙore. Shi zai tsaya nesa da ita, ya juya mata baya kamar hotonsa shi kaɗai ake ɗauka, ni kuma in san yadda zan haɗa su a ciki. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Bakina ne ya jawo min.

Muka hau babur muka je. Na gaishe da Inna Salamatu, ta amsa ba ta ɗago ba, ta sa aka kawo min kindirmo. Hammadu ya tsaya, ita tana can bayansa kamar taku goma sha biyar. Na saita, na danna, na duba. Hammadu ya fito tar, har zaren hularsa kana iya ƙirgawa. Inna kuwa babu ita. Wani abu ne kawai shuɗi-shuɗi, ba fuska ba hannu, sai ka ce hayaƙin murhu.

Na goge gilashin da bakin rigata, na sake. Haka. Na saita kanta, sai ta fito sarai, amma yanzu Hammadu ne ya narke, kansa ya zama kamar curin fura. Na koma kansa, ta ɓace. Oh ni Gwadabe. Har na fara tunanin ko ita ma kyamarar kunyar ɗan farin take tayawa.

"Ya yi?" Hammadu ya tambaya ba tare da ya motsa ba.

"Tsaya dai yadda kake."

Na koma bayan rumbu na kira Dalhatu, raina a ɓace. Na ce ya sayar min da lalatacciyar kyamara, ba ta iya ganin mutum biyu lokaci guda.

Ya tuntsire da dariya. "Malam, wannan ai shi ne tsadarta. Amare har roƙo suke a narkar musu da baya. Lamba nawa take kai, wadda ke kusa da harafin F ɗin nan a sama?"

"Ɗaya da ɗigo takwas."

"Shi ya sa. Ƙofar hasken a wangale take. Murɗa 'yar ƙafar nan mai juyawa ta gaban kyamarar ka kai lambar sha ɗaya, ƙofar ta tsuke."

"Tsaya. In ƙara lamba, ƙofa ta ragu?"

"Ƙwarai."

"Wane irin lissafi ne wannan? Kuma ni da nake so in ga mutum biyu, ai buɗe ta zan ƙara, ba tsukewa ba."

Ya ce in tuna yadda tsoho ke ƙanƙance ido in yana son hango abu. In ƙofar ta yi faɗi, wuri kaɗan ne ke fitowa sarai, gaba da baya duk su narke. In ta tsuke, abin da ke fitowa sarai sai ya yi zurfi, ya kamo na kusa da na nesa. Ya ce kuma in ja da baya, na cika matse wa yaron. Ban gane ba, wallahi, amma na murɗa.

Na dawo na danna. Hoton ya fito baƙi ƙirin. Na sake kiransa, ban ko yi sallama ba.

"To ai ka tsuke ƙofa, haske ya ragu," in ji Dalhatu. "Sai ka bar ta a buɗe ta ɗan jima. Murɗa ta bayan."

"Yanzu ka ce in tsuke, yanzu kuma ka ce in bar ta a buɗe. Dalhatu, ka ji tsoron Allah."

"Faɗinta daban, daɗewarta daban, Malam."

Na murɗa ta bayan. Haske ya dawo, amma yanzu su duka biyun suka yi dishi-dishi, har itacen ɗorawar ya zama biyu. Hannuna ne ke rawa, kyamarar kuma tana kwashe rawar. Rana ta sunkuya, shanu sun fara shigowa, Inna ta soma jera ƙorenta ɗaya cikin ɗaya. In ta tashi, magana ta ƙare, yaron nan zai tafi Kudu hannu rabbana. Tsoro ya kama ni, kunya kuma ta fi tsoron yawa.

Na hango turmi a gefen ɗaki. Na mirgino shi, na kife, na ja baya taku huɗu, na ɗora kyamarar a kai na tokare ta da takalmina. Na durƙusa a ƙasa da furfurata, matan rugar suna leƙe suna ƙus-ƙus. Ban saita kan Hammadu ba, ban saita kan Inna ba, na saita kan wani turke da ke ɗan bayansa, don na gaji da zaɓen ɗaya. Na riƙe numfashi na danna a hankali. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta ɗauki ƙorenta ta shige ɗaki.

Sai da muka fita bayan shinge na yarda na duba. Ga Hammadu, ga Inna, dukansu sarai. Kar ka tambaye ni wacce daga cikin murɗe-murɗen nan ce ta yi aikin, har yau ban sani ba.

Hammadu ya karɓa, na nuna masa yadda ake matso da hoto. Ya matso da wajenta. Ƙwarya tana kan cinyarta, hannayenta a sake, ba gyaran komai take yi ba. Ta ɗago kai, idanunta suna kan ƙeyarsa, kuma a jiƙe suke.

Ya daɗe yana kallo. Na ɗauka wani aibin ya gani, na fara ba shi haƙuri cewa hasken ya yi ƙasa.

"Malam, yaushe ta ɗago?"

"Tun da na fara ɗauka take ta ɗagowa haka. Ni ai na zaci ni take harara."

Ya tsuguna a wurin, kyamarar a hannunsa. Shekararsa ashirin da shida, sai ga shi yana share fuska da hannun riga.

"Ashe kallona take yi," ya ce. "Ni ne kullum nake ba ta baya."

Na je na tayar da babur na jira shi.