Kunyar Kan Iyaka

Ya Kellu ba ta da tsoron kowa a Katuzu, amma tun da ta ji ana cewa gonar da ba ta da takardar gwamnati, wani babban mutum mai takalmi na iya shigowa ya ce tasa ce, sai hankalinta ya ƙi kwanciya. Gonarta ta fadama ita kaɗai mahaifinta ya bar mata, ita kuma take so ta bar wa 'yarta Raudatu. Ta yi ta zarya Gashua har aka turo mata ma'aikacin safiyo mai awon ƙasa, wani dogo mai suna Sabitu, wanda tun kafin ya sauka daga babur ya ce idan ba a gama yau ba, sai bayan damina.

Doka ta ce sai maƙwabci ya tsaya an nuna iyaka a gabansa. Aka kira maƙwabcin gonarta, Ba Dunoma, daga Nguru, inda yake sayar da busasshen kifi. Ya zo da ƙamshin sana'arsa, har magen unguwa ta rako shi.

Gabas da yamma da kudu ba su ba da wahala ba. Da aka zo arewa, Sabitu ya tarar da wani fili tsakanin gonakin biyu, mai faɗin da amalanke zai wuce, ciyawa ta cinye shi.

"Wannan na waye?"

"Nasa ne," in ji Ya Kellu.

"A'a, Ya Kellu, ki ji tsoron Allah. Naki ne."

Sabitu ya sha raba rigimar gona, har an taɓa bin sa da fartanya, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Abin da ya faru shi ne, iyayen Ya Kellu da Ba Dunoma malamai ne, kowanne yana tsoron a tashe shi ranar ƙiyama da taƙin ƙasar wani a wuya. Duk shekara in an zo huɗa, sai wannan ya ja baya da kunya ɗaya, wancan ma ya ja. 'Ya'yan suka gaji gona, suka gaji ja da baya.

Rana ta yi sanyi suna ta tura wa juna fili kamar ƙosai na ƙarshe a kwano. Sabitu ya fara naɗe igiyar awonsa. Kalma ɗaya, "nawa ne", za ta ba Ya Kellu takarda, kalmar kuma ta ƙi fita daga bakinta.

"Ɗan nan," ta ce, "a takardar taku babu inda ake rubuta na Allah?"

Sabitu ya sosa ƙeya. "Babu, Iya. Sai dai a rubuta hanya."

"To, rubuta," in ji Ba Dunoma da sauri. "Mata su samu ta zuwa kogi, su daina taka min albasa."

Aka kafa turakun siminti ana dariya.

Ranar da takarda ta fito, Ya Kellu ta je Gashua da Raudatu, don ita ba ta yi boko ba. Raudatu ta karanta mata sunanta, ta gyaɗa kai kawai.

"Nuna min hanyar."

Raudatu ta nuna mata wasu siraran layuka biyu a saman zanen. Ya Kellu ta ɗora yatsa a kai, kewar mahaifinta ta taso mata.

"Baba," ta ce a hankali, "ka ga ban matsa ba."