Idon Muttaka a Lambun Ƙaninsa

Da aka zo rabon gadon Malam Bunu, Muttaka ne babban ɗansa, shi aka ba zaɓi. Bai ko tsaya shawara ba ya ɗauki gonar tudu, ya bar wa ƙaninsa Yunusa fadamar hanyar Auyo, wadda ciyawar kacala ta cinye har kwalekwale ba ya ratsa ta. A lokacin har dariya ya yi a ransa. Shekaru suka ja, Yunusa ya sare kacalar nan, ya yi jinga, ya haƙa magudanai, wurin ya zama lambun da amare da 'yan makaranta da ma'aikata ke tasowa tun daga Jahun da Birniwa don su sha iska. Shi kuwa Muttaka, in aka ɗauko hirar lambun a majalisa, nan take yake tuna alwalarsa ta karye.

Abu guda ya rage masa na taƙama. Inna Mairam, mahaifiyarsu, a gidansa na Haɗeja take zaune, kuma duk dangi in za su gaishe ta sai sun tako ƙofarsa. To sai ga labari Yunusa ya gina ɗaki a tsakiyar lambun, har da fanka mai aiki da hasken rana, ya kuma aiko a kawo Inna ta wuni ta huta. Muttaka ba yaro ba ne. Ya san wunin nan da biyu ne, so ake a ɗauke masa tsohuwa. Don haka ya ce shi da kansa zai kai ta, shi kuma zai dawo da ita.

Sun isa da hantsi. Tun daga bakin ƙofa sanyi ya tare su, ga ƙamshin lemo da na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yunusa ya taho da sauri ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Inna. Yaya, sannu da hanya."

"Yauwa," in ji Muttaka. "Amma hanyarku ba ta da kyau."

Daga nan ya fara, bai kuwa tsaya ba. Aka nuna masa layin dabino, ya ce an matse su da yawa. Aka kai su kududdufin da bado ya lulluɓe, kifin karfasa na wasa a ƙasa, ya ce ai wannan gidan sauro ne, tsoho ba zai kwana kusa da nan ba. Aka zo wajen furannin kallo, ja da fari da ruwan ɗorawa, ya tambaya ko miya ake yi da su. Yunusa dai murmushi kawai yake, abin da ya ƙara ƙona wa Muttaka rai ke nan, don da gardama ya yi masa da ya sami inda zai huce.

Ita kuwa Inna sai ka ce an rage mata shekaru. Matar da a gida sai an kama ta take miƙewa, yau ga ta tana tafe da sandarta tana taɓa ganye. "Tubarkalla, Yunusa. Tubarkalla, Auta. Allah ya tsare." Kowace albarka da ta sa, Muttaka ji yake kamar daga rabonsa aka ciro. Shi ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barin Inna ta kama sunansa ba, ya kuma san haka al'ada take, amma yau abin ya yi masa zafi ƙwarai.

A gindin wani mangwaro bakinsa ya kuɓuce masa. Itacen gajere ne, amma ya yi 'ya'ya har sai da aka tokare rassansa da itatuwa. Muttaka ya tsaya ya ƙura masa ido, ya tuna gonarsa ta tudu da geron bana ko rumbu bai cika ba.

"Wannan duk na mutum ɗaya," ya ce a hankali. "Dubi 'ya'ya."

Bai ce tubarkalla ba. Kowa ya san in ka ga abin wani ya burge ka sai ka sa masa albarka, don kada idonka ya kama shi. Inna ta juyo ta dube shi tana jira. Yunusa ya sunkuyar da kai. Muttaka ya ji kalmar ta taso har maƙogwaro, amma ta ƙi fita, sai ya yi tari ya wuce gaba.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a inuwar tsamiya, aka kawo shinkafa da kifi da gwanda mai sanyi. Muttaka ya ci ya ƙoshi yana cewa gishiri ya yi kaɗan, sannan ya kishingiɗa, barci ya sace shi. Da ya farka babu Inna a tabarma. Ya ce a ransa shi ke nan, an kai ta ganin ɗaki. Ya tashi ya bi sawu.

Ba a ɗakin ya same ta ba. Tana gindin mangwaron nan, ta dafa shi da hannu ɗaya, bakinta na motsi tana karanta Falaƙi da Nasi, tana tofa wa rassan. Muttaka ya laɓe bayan ayaba. Ya ga ta gama ta ja ƙafa zuwa layin dabino, daga nan zuwa bakin kududdufi. Duk inda ya tsaya ɗazu nan take tsayawa, ko wuri ɗaya ba ta tsallake ba. Yunusa na biye da ita riƙe da takalmanta.

"Inna, ki bari haka, kin gaji. Ga ɗaki can an gyara miki. Ki zauna da mu, ko na damina ɗaya ne."

Muttaka ya kasa kunne.

"A'a, Auta. Tare da yayanka zan koma."

Wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Har ya ɗaga ƙafa zai fito ya ce a shirya, sai ya ji ta ci gaba.

"Wallahi raina ya so wurin nan. Amma in na zauna, kowace Juma'a sai ya zo gaishe ni. In ya zo kuwa sai ya kalli itatuwan nan, ni kuma ba ni da ƙafar da zan riƙa bin bayansa kullum."

Da la'asar Muttaka ya buɗe mata ƙofar mota, ya gyara mata kujera. Yunusa ya cika bayan motar da mangwaro da lemo da gwaiba, ya ce tsarabar yara ce. Inna ta shiga ta zauna ba ta waiwayi lambun ba. Sai da suka shiga Haɗeja suka kusa gida ta dube shi ta ce, "Kai, ka yi tuƙi a hankali, kayan nan kada su farfashe."