Ragowar Ƙwayar Baba

Mai kantin magani ya ba Baba ƙwayar wani maimakon tasa ta hawan jini. Harshensa ya kumbura, ya yi kwana da kwanaki ko uffan ba ya iya cewa. Da bakin ya buɗe, kalmarsa ta farko ita ce "kotu".

Lauyanmu ya kira Inna shaida, ya ce ta faɗa wa alƙali irin wahalar da aka sha.

"Shi kam ya sha," in ji ta. "Ni kuwa tun da na aure shi, sai lokacin na samu na kai ƙarshen maganata."

Baba ya yunƙura, lauya ya danne masa gwiwa.

Inna ta leƙa kwalbar da ke gaban alƙali. "Ranka ya daɗe, in an gama shari'ar, wa ake ba ragowar?"