Tashoshin da Ba a Sauka Ba

"Tak boleh, Uncle," wato ba zai yiwu ba, in ji jami'in da ke tsaron ƙofar otal ɗin da yaren Malay, yana mayar da kular abincin baya da hannunsa mai safar roba. "Ba a shiga da girkin gida."

Barnaba ya gyara takunkumin fuskarsa ya sake gwadawa. Ya ce 'yarsa ce a sama, shekaranjiya ta iso daga Japan, kuma rabonta da tuwon acca tun kafin duniya ta san sunan wannan cuta. Uwarta tun asuba take tsaye a kicin. Jami'in ya saurare shi cikin ladabi har ya kai aya, sannan ya girgiza kai. Tufafi boleh, wato an yarda, sabulu ma boleh. Miya kuwa sai yarinya ta gama kwanakin killacewarta.

Ya rungumi kularsa ya tsallaka titi, ya zauna a rumfar jiran bas, kan kujerar da ba a manna wa jan tef ba.

Ya fi shekara goma yana koyar da lissafi a wata kwaleji mai zaman kanta a Setapak. Purity tana 'yar firamare suka taso daga Kagoro, a unguwar Taman Melati ta girma, yaren Malay a bakinta kamar ruwa. Japananci kuwa a katun ta fara tsintarsa, daga baya ta shiga aji ba tare da shawarar kowa ba. Shi harhaɗa magunguna ya so ta karanta. Ita ta karanta aikin otal, ta kuma samu gurbi a wani jirgin ruwa na alfarma da ke yawo da masu hali a garuruwan gaɓar Japan. Tana turo hotuna: ga ta a kasuwar kifi ta Hakodate, ga ta durƙushe a gaban wata tsohuwa mai dama koren shayi. Amsarsa ɗaya ce, "Ubangiji ya kiyaye." A coci idan an tambaye shi, sai ya ce tana Japan, ya ja bakinsa. Mai tsammanin karatu take yi, bai taɓa gyara masa ba.

A watan Fabrairu cutar ta ɓulla a jirgin, aka tsare shi a tasha. An kwashe fasinjoji bayan makonni, ma'aikata kuwa suka shafe watanni a ciki saboda ƙasashe sun rufe iyakokinsu. Yanzu ga Agusta. Barnaba ya riga ya yi magana da shugaban sashensu, Dakta Rajendran, an ajiye mata kujerar aiki a ofishin ɗalibai baƙi. Abin da ya kawo shi ke nan bayan tuwo: ya gaya mata teku ya isa haka.

Yana laluben lambarta wata tasi ta tsaya a ƙofar otal. Wata dattijuwa Basiniya ta fito da ledar kaya, tana dogara sanda. Da yake titin babu motoci sosai, ya jiyo ta tana maimaita wa jami'in suna da ƙarfi, harafi bayan harafi.

"Purity. Purity Barnaba."

Bai san lokacin da ya sake tsallake titin ba.

"Madam, sunan 'yata na ji kin kira."

Matar ta dube shi ta saman tabarau. Sai ta rataye sandar a hannu, ta haɗa tafukanta ta sunkuya masa, har jami'in ya miƙo hannu don kada ta faɗi. Ta ce sunanta Madam Liew, daga Kepong. Ita da mijinta suna cikin jirgin nan. 'Ya'yansu ne suka biya musu tafiyar don cikar aurensu shekara hamsin.

Suka koma rumfar, kujera ɗaya a tsakaninsu.

"Tasha biyu kawai muka gani," ta ce. "Daga nan aka ce kowa ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Mijina ba mai zama ba ne, ya fara zagin kowa. Washegari da safe waya ta yi ƙara. Muryar 'yarka ta ce, 'Uncle Liew, ka shirya? Yau a Kagoshima muke.' Ya ce mata ba ta da hankali. Ta ce ya sa hula, saboda dutsen da ke tsallaken ruwa yana zubo toka, mutanen garin ma sharewa suke yi suna ɗurawa a jakunkuna kamar shara. Sai ya yi shiru yana ji."

Kullum haka, in ji Madam Liew. Yau Nagasaki, da gidajenta da suka hau tudu kamar awaki. Gobe Kanazawa, inda ake lulluɓe askirim da ganyen zinare. Purity ta ba su labarin yadda 'yan makaranta kan zo bakin tasha da ganguna da kakaki su raka jirgi, ma'aikata su jera suna ɗaga hannu har ya ɓace. Ba su kaɗai take kira ba, duk tsofaffin da ke layinsu ne, ɗaki bayan ɗaki, har muryarta ta dushe.

"Da zazzaɓi ya kama shi aka zo da motar asibiti, ni ba a bar ni na bi ba. Likitocin can Turancinsu kaɗan ne. Ita ce a waya tsakanina da su. Ranar da ya rasu, ita ta gaya mini. Ba ta bari na ji daga bakin wanda ban sani ba." Ta cire tabarau ta goge da gefen riga. "Nas ta kara masa waya a kunne kafin nan. Ya ce a tambayi yarinyar yau ina muke."

Barnaba ya ce, "Sannu, Madam. Ubangiji ya ba da haƙuri."

"Ni na dawo gida a Maris. Ita a lokacin tana kwance, numfashi da ƙyar. Ka yi haƙuri, na san kun sha tashin hankali."

Ya ji kamar an ɗaga kujerar da shi. A watan Maris Purity ta daina kiran bidiyo, ta ce intanet ɗin jirgi ya lalace, sai gajerun saƙonni. Har faɗa ya yi mata a kan haka.

Bayan tasi ta tafi da dattijuwar, ya danna lambar.

"Baba! Kana ina?"

"Ina tsallaken titi. Sun hana tuwon."

"Na faɗa wa Mama ba za su bari ba. Tsaya, ɗaga kanka. Ka ga tawul ruwan ɗorawa?"

Can sama, a bayan gilashin da ba ya buɗuwa, wani ƙyalle yana kaɗawa. Bai iya ganin fuskarta ba, amma ya ga siririn hannu.

"Purity, me ya sa ba ki gaya mana kin kwanta ba?"

"Auntie Liew ta zo ke nan," in ji ta.

"Ta zo."

"Da na faɗa, me za ku yi, Baba? An kulle ku a gida, an kulle ni a ruwa. Mama ga hawan jini. Na warke fa, dubi yadda nake kaɗa tawul."

"Kada ki sake yi mini haka."

"To, Baba. Yi haƙuri." Ta yi ajiyar zuciya. "Akwai maganar da nake so in faɗa, amma kada ka yi fushi. Kamfani sun ce in jirage suka dawo aiki, ni suke so in riƙe sashen kai baƙi yawon gari. Ba wanda ya san yaushe. Wataƙila shekara, wataƙila fiye. Na ce musu zan jira."

Barnaba ya dubi kular da ke cinyarsa. Jawabin da ya tsara tun daga gida yana nan a bakinsa, da farkonsa da ƙarshensa.

"Wannan dutse mai toka," ya ce, "da gaske mutane na zaune a gindinsa?"

Ta fashe da dariya har da tari. Ta fara ba shi labari, shi kuma ya tsaya a rana, kansa a sama, har wuyansa ya ƙage.

A jirgin ƙasa na komawa gida mutum huɗu ne kacal a taragon. Ya kira Dakta Rajendran, ya yi godiya, ya ce a ba wani kujerar.

"Ayya, ta samu wani wurin ne?" in ji Dakta. "Ni ban ma taɓa tambaya ba, me take yi a Japan ɗin?"

"A jirgin ruwa take aiki," in ji Barnaba, ya gyara zama. "Babban jirgi. Ita ke kai baƙi garuruwa. Ka san Kagoshima?"

Dakta bai sani ba. Barnaba ya fara daga toka, ya wuce Nagasaki, ya dawo kan likitoci da motar asibiti, muryarsa na ƙara tashi ta cikin takunkumi har matar da ke can ƙarshen tarago ta waiwayo. Ƙofa ta buɗe a Taman Melati, tashar unguwarsu, ta rufe. Sai da jirgin ya tsaya cak a Gombak, mai shara ya leƙo ya ce masa nan ne ƙarshen layi, sannan ya miƙe da kularsa.

"Dakta, kada ka kashe," ya ce yana neman matakalar tsallakawa ɗaya gefen. "Ban kai Kanazawa ba tukuna."