Inda Jirgin Kara Ya Sauka

Sadiqa malamar firamare ce a Birnin Kudu, ita ce kuma take kula da shafin wiki na intanet, wanda kowa ke iya ƙara rubutu a cikinsa, na masoya "Ɗanbala Mai Jirgin Kara", wani labarin zane da aka riƙa bugawa a ƙananan littattafai a shekarun farko na jihar Jigawa. Fitowa goma sha biyu aka yi, aka tsaya. A ta ƙarshe Ɗanbala ya shige cikin gajimare da jirginsa na karan dawa, ba a sake ganinsa ba.

Dokokin shafin ita ta rubuta su da abokin aikinta Micah. Abin da ba a buga ba, ba ya shiga. Kowace magana sai an kawo lambar fitowa da lambar shafi. Ba a rubuta "an ce" ko "ina ganin".

Da damina ta kankama, wani ya fara ƙara jimla ɗaya a ƙasan tarihin Ɗanbala: "Ya sauka a Basirka, yana nan lafiya." Sadiqa ta goge, washegari ta tarar an mayar. Da abin ya kai sau shida, ta aika wa mai rubutun saƙo ta ce, "Wace fitowa, wane shafi?"

Amsa ta zo: "Ta goma sha uku, shafi na tara. Zo ki gani. Ki tambayi gidan Turai unguwarzoma."

Micah ya ce, "Babu ta goma sha uku, Malama. A toshe shi kawai."

Ba ta toshe ba. Ranar Asabar ta hau mota zuwa Gwaram, daga nan ɗan acaɓa ya ɗauke ta zuwa Basirka. Dawa ta rufe hanya dama da hagu, gajimare ya sauko ƙasa ƙasa kamar a miƙa hannu a taɓa. Sau biyu tana tsintar kanta tana ɗaga kai tana duban sama.

Inna Turai dattijuwa ce mai tabarau, wayarta a ɗaure a bakin mayafi. Ta shimfiɗa mata tabarma a rumfa, ta janyo wata tsohuwar adaka, ta ciro wasu takardu.

"Malam Dabo da ya zana littafin, maigidana ne," ta ce. "Wannan ya yi shi yana kwance ba lafiya. Ya gama da kwana huɗu Allah ya yi masa rasuwa."

Takardu goma sha shida ne, zanen fensir, gefensu ya yi ja. Sadiqa ta fara buɗewa a hankali, yayyafi yana sauka a kan kwano. Ta ga jirgin yana ratsa cikin gajimare, inda tsuntsaye suke tafiya a ƙasa, kifaye suna shawagi. Har ta ji kamar tabarmar tana lilo da ita. A shafi na tara jirgin ya sauka a gonar dawa, Ɗanbala ya cire takalmi, wata mata mai tabarau tana miƙa masa ruwa a moɗa.

Sadiqa ta ɗago kai. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba a buga shi ba. Dokar shafinmu..."

"Na karanta ta, 'yata, doka ce mai kyau. Ni dai ba na son jin ana cewa ya ɓace, alhali na san inda ya sauka."

Sadiqa ta kira Micah ta faɗa masa abin da ke gabanta. Suka tsaya a kan cewa tarihin Ɗanbala zai zauna yadda yake, amma za a buɗe sabon sashe na zanen da Malam Dabo ya bari ba a buga ba, da sunan wadda ta adana shi. Inna Turai ta yarda, da sharaɗin kada takardun su bar ɗakinta.

Sadiqa ta ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya ta aika. Jim kaɗan Micah ya sake kira, muryarsa ƙasa ƙasa, ya ce, "Matar nan ta shafi na tara, ita ce?"

"Ita ce," Sadiqa ta ce. "Ga ta can tana gasa min masara."