Agwagwar Si Larbi

Ni fa ba ruwana da tsuntsaye. In ba kazar da ke cikin tukunyata ba, ban san sunan ko ɗaya ba. Amma mijina Si Larbi (a wajenmu Si kamar Malam ne, Lalla kuma kamar Malama), da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, zama ya yi a gida kamar tsohon buhu, ba ci ba magana, har na fara tsorata. Sai da abokansa suka ja shi kallon tsuntsaye a tafkin bayan garinmu sannan ya dawo mutum. Shi ya sa duk tsiyar da nake masa, madubin hangen nesan nan nasa ina ganin girmansa.

Ƙarshen hunturun bana, shamuwa ta riga ta dawo kan hasumiyar masallaci, sai ga shi ya faɗo gida yana haki, jallabiya duk taɓo.

"Zahur! Na ga farin-kai! Wallahi na gan shi!"

"Sannu da ƙoƙari. Cire min takalman nan tukuna."

Wai wani toron agwagwar daji ne, kai fari fat, baki shuɗi, wutsiya a miƙe, kuma ba a taɓa ganinsa a tafkinmu ba. To amma 'yan ƙungiyarsu suna da doka: abin da mutum ɗaya ya gani ba a gan shi ba, sai da shaida. Shi kuwa shi kaɗai ne a wurin, ga idonsa ya fara yana. Babbansu, Si Bushta mai kantin magani, ya ƙyalƙyale da dariya a teburin shayi, ya ce farar leda ce iska ta jefa a ruwa. Kafin la'asar rabin gari na kiran mijina Si Leda.

Abin ya ci shi. A gabansu ya rantse cewa in agwagin hunturu suka tashi ba wanda ya shaida maganarsa, zai ba da madubin kyauta, ba zai sake taka bakin tafkin ba. Na san Si Larbi da rantsuwa. Ga rana ta fara ɗumi, kullum garken sai raguwa yake. Na hango shi a raina ya koma zaman kujera yana kallon bango.

Na yafa mayafi na tafi kantin magani.

"Si Bushta, gobe da sassafe za ka bi mu tafki."

"Haba Lalla Zahur, ina da aiki..."

"Shekara nawa kana cin kuskus ɗin Juma'a a gidana? Ran nan kaɗai ne ba ka da aiki? In ba ka zo ba, matarka zan gaya wa irin sukarin da kake zubawa a shayi."

Ya zo. Ni ma na bi su, karo na farko a rayuwata, da butar shayi da gurasa da zaitun. Muka laɓe a bayan dogayen ciyayin bakin ruwa, sanyi na ratsa ƙashi. Kai jama'a! Ashe haka abin yake? Agwagi maƙil a kan ruwa kamar ranar kasuwa, masu jan kai, masu koren kai, wasu baƙaƙe masu faɗan tsiya, zalɓe a gefe ya tsaya da ƙafa ɗaya. Suka ce ko tari kada in yi. Ni! Na haɗiye maganata.

Suka duba, suka duba, ba shi ba alamarsa. Rana ta ɗaga. Si Bushta ya fara duban agogo yana murmushin nan nasa mai ban haushi.

"Si Larbi," ya ce cikin raɗa, "ina ganin 'yan shara sun kwashe ta."

Mijina ya miƙo min madubin don ya goge idanunsa da suka gaji. Na ce bari dai in ga me suke gani a ciki. Na kara a ido, na ga sama, na ga ciyawa, na ga ruwa, sai kawai... ga shi! A tsakiyar cunkoson, wani ɗan dunƙulalle, kai fari kamar an tsoma a madara, baki shuɗi shar, wutsiya a sama yana taƙama.

To kun san mu. In abin farin ciki ya zo, ba shawara muke da harshe ba. Ban san lokacin da na ɗora hannu a leɓe na rangaɗa guɗa ba, irin wadda nake yi in an fito da amarya.

Wayyo Allah! Tafkin nan kaf ya tashi. Fuka-fuki fa-fa-fa, sama ta yi duhu, zalɓe ma ya kama gabansa. Si Bushta ya dafe kai.

"Lalla! Me kika yi haka? Biki aka ce miki ana yi?"

"Na gan shi! Na rantse na gan shi!"

"Shaidar mata ga mijinta? Ke da ba ki san agwagwa da tantabara ba!"

Na dubi Si Larbi. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Kallon ruwan kawai yake, wayam, ba komai sai kumfa da gashin tsuntsu. Na ji kamar in nutse, da bakina na kashe mijina.

Sai ruwan ya motsa. Ɓul! Wani abu ya ɓullo daga ƙasa, can tsakiya, shi kaɗai tilo, ya girgiza farin kansa, ya miƙe wutsiya. Ashe shi wannan in ya tsorata ba tashi yake ba, nutso yake yi.

Si Bushta ya ɗaga madubinsa, ya daɗe bai sauke ba.

"Allahu akbar," ya ce. "Farin-kai ne. Larbi, farin-kai ne! A tafkinmu! Ka yafe min, ɗan'uwa, kai ka fara ganinsa!"

Na tura wa mijina madubin. Ya kara a ido, ya sauke, ya goge fuska da hannun jallabiya, ya sake karawa. Hawaye sun hana shi. Ya mayar min da shi, ya riƙe hannuna gam a gaban Si Bushta, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba.

"Zahur, ba na gani. Duba min. Gaya min abin da yake yi."