Labarin Kamalu a Motar Atiku

A shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara, shugabannin tashar mota ta Ƙaura Namoda suka ga ya dace a ware mota guda ta mata zalla duk ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi. Da aka zo maganar wanda zai ja ta, kowa ya nuna Atiku. Mutum ne mai shiru-shiru, ya ba arba'in baya, kuma ba a taɓa kawo ƙararsa kan fasinja ba. Matasan direbobi suka laƙaba masa suna direban mata. Ya yi murmushi kawai, ya goge gilashin tsohuwar fijonsa, ya shiga layi.

Abin da bai zata ba shi ne yawan hira. A da, in an cakuɗa maza da mata, matan kan yi tsit a kujerar baya, ba ka jin komai sai "direba, a tsaya nan". Yanzu kuwa tun kafin a fita gari baki ya buɗe. Akwai biyu da ba sa fashi: Hajiya Ladidi mai sayar da atamfa da turare, babbar mace mai murya, da maƙwabciyarta Mubaraka, matashiya mai ɗinki, wadda ke kai kayan yara wani shago a Shinkafi.

Wata Alhamis, an wuce Moriki kaɗan, Atiku ya ji Hajiya ta ja tsaki.

"Ni dai Kamalu ya ba ni haushi. Mutum ya ɗauki shanu zuwa Kudu, mota ta faɗi da shi, an yanke mishi ƙafa, to mi ya hana shi dawo gida? Ya bar ɗiyar mutane tana jira, ba saƙo ba labari."

"Hajiya, tausayinta ya ji," in ji Mubaraka. "Ba ya son Nusaiba ta aure shi don kunya. So yake ta fid da rai, ta samu mai lafiya."

"Girman kai ne, ba wani tausayi."

Atiku ya rage gudu ba tare da ya sani ba. Duk masu jan motocin shanu zuwa Kudu daga wannan yanki ya san su, wasu ma tare suka yi yaran mota. Ya lalubi Kamalu a ransa bai samu ba. Ko na Zurmi ne? Ko na Kasuwar Daji? Ya daure, ya daure, har ya kasa.

"Hajiya, ki yi mini aikin gafara. Wane Kamalu ne wanga? Na wace tasha?"

Dariya ta ɓarke a motar. Har wata tsohuwa mai ƙwaryar daddawa, da ba ta san zancen ba, ta taya su.

"Malam Atiku, ai a littafi ne!" Mubaraka ta ce, tana rufe baki da gefen hijabi.

Atiku ya sunkuyar da kai ya ƙara wuta. A haka suka shiga Shinkafi. Sai dai kunyar ta wuce, tambayar ba ta wuce ba. Duk wannan mako, yana tuƙi yana tunani. Mutum ya kwanta a asibitin garin da ba a jin harshensa, ya farka ba ƙafa, me zai fara zuwa masa a rai? Kuma yaya mata biyu masu hankali za su yi ta musu kan mutumin da ba a taɓa haihuwa ba, har ɗaya ta yi fushi?

Alhamis ta zagayo. Suna kama hanya ya yi gyaran murya.

"Hajiya, shin mutumin naku ya dawo kuwa?"

"Au, kai ma ya shiga ranka? To ba ni faɗi. Mai son sani shi karanta."

Da suka isa kowa ya sauka, Mubaraka ta tsaya daga nesa ta ce, "Malam, na bar maka na ɗaya da na biyu bisa kujera. Na uku bai iso daga Kano ba tukuna. Don Allah a kula da bangon, na haya ne."

Atiku ya yi firamare, amma rabonsa da karanta abin da ya wuce takardun mota ya manta. Ya ja motar gindin wata dalbejiya a gefen tasha, ya zauna ciki, ya buɗe littafin a kan cinya yadda ba mai gani. A kwanakin an yi wa'azi a kasuwa kan irin littattafan nan, cewa suna ɗauke wa mata hankali, kuma ba ya son a ce ga dattijon tasha da irinsu a hannu. Ya fara yana bin layi da yatsa. Shafukan farko sun gundure shi, duk bayanin kyan Nusaiba ne da irin lallen da take sawa. Amma da aka zo wurin lodin shanu sai ya gyara zama. Ga masu lodi suna ihu, ga makiyayan da ke hawa saman mota da sanduna, ga uwar Kamalu ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli a leda. Ya juya bango ya duba. Mace ce ta rubuta. Ina ta san wannan? Ko mijinta direba ne, ko ubanta? Ya daɗe yana kallon sunan kamar zai ba shi amsa. Sai da aka buga masa ƙofa ya lura layi ya zo kansa.

Ya kai mako yana fama da shi, a tasha, a wurin faci, a layin mai. Ya kusa gama na biyu ke nan, ran Juma'a da hantsi, matarsa Saliha ta kwashi rigunansa za ta wanke, littafin ya faɗo daga aljihu. Atiku yana zaune kan tabarma yana shan fura. Ya shirya cewa wata fasinja ce ta manta da shi. Saliha ta ɗauka, ta duba inda ya naɗe shafi.

"Au, Malam, har ka kai inda abokin nashi ya zo ya yi wa Nusaiba ƙarya cewa ya mutu?"

Atiku ya ajiye ludayi. "Ban kai ba. Ke ina kika san shi?"

"Tun kafin azumi na karanta. Hauwa ta gidan Tambari ke kawo mana, mu karanta mu mayar."

"Kina karanta littattafai?"

"Tun ina gidanmu a Zurmi."

Ya dube ta. Sun daɗe tare, 'ya'yansu har sun tasa, ya san muryarta a cikin taron mata, ya san irin tarin da take yi in sanyi ya shigo, amma wannan bai sani ba.

"Mi ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Ba ka taɓa tambaya ba. Kuma na zaci faɗa za ka yi." Ta zauna a bakin tabarmar, abin da ba ta saba yi da rana ba. "To kai mi ka gani game da Kamalu?"

Atiku ya ce, "Ni na fahimce shi. Mutumin da ya saba shi ke kawowa, a ce shi za a riƙa ɗauka ana ajiyewa, ga mutane suna zuwa kallo da sunan gaisuwa. Ba girman kai ba ne. Bai iya haɗa ido da ita ne."

"To ita fa? Ya tambaye ta? Shi kaɗai ya zauna ya yanke cewa ba ta iyawa. Ya raina ta, Malam. Ni abin da ya ƙona mini rai ke nan, ba ƙaryar ba." Ta juya littafin a hannu. "Kai ma haka za ka yi?"

Ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya ga ba wasa take yi ba. Kullum yana fita da asuba ta ce masa a dawo lafiya, bai taɓa tunanin abin da take zama da shi ba bayan ƙarar motar ta ɓace.

"Da kin tambaye ni jiya, da wataƙila haka zan yi," ya ce. "Yanzu kam ko a kan katifa ne sai an kawo ni, ki yi ta fama."

"Allah Shi tsare," ta ce da sauri, ta miƙe ta koma wurin wanki.

Na ukun bai iso ba sai da aka fara girbin gero. Mubaraka ce ta fara karantawa, ta ba Hajiya, sannan ya zo gidan Atiku. Wannan karon bai ɓoye ba. Saliha ce ta karanta a bayyane bayan la'asar, don ta fi shi sauri, shi kuma yana jingine da bango yana tsayar da ita in wani abu ya ɗaure masa kai. A ƙarshe wani attajiri ne ya tsinci Kamalu, ya kai shi ƙasar waje aka sa masa ƙafar roba, ya dawo gida cikin mota mai sheƙi, aka sha biki.

Saliha ta rufe littafin. "Wannan ba ƙarshe ba ne. Marubuciyar ta gudu ne kawai. Da sanda ya kamata ya dawo, mu ga abin da Nusaiba za ta yi."

"Ni ma abin da nake jira ke nan," in ji Atiku. "Kuma ba ta faɗi abin da uwarshi ta ce ba."

Ran Alhamis ya kai wannan ra'ayi mota. Mubaraka ta goyi bayansa. Hajiya ta ce sam, mutum ya sha wahala har haka, a bar shi ya huta mana, ita dai ta yi kukan daɗi. Atiku ya ce ai ba shi kaɗai ba ne, mai ɗakinsa ma ta ce marubuciyar gudu ta yi.

"Mai ɗakinka? Wagga magana ta fi ƙarfin saƙo. Kawo mini ita in ji daga bakinta."

Da ya gaya wa Saliha, ta ce dama ta daɗe ba ta ga ƙanwarta da ke aure a Badarawa ba. Alhamis ta gaba ta bar yara wurin Hauwa, ta sa hijabinta na unguwa, ta shiga motar mijinta ta zauna kusa da Hajiya. Suka gaisa cikin ladabi, aka tambayi gida da yara. Ba a kai gadar bayan gari ba Hajiya ta juyo ta ce, "To ɗiyata, ke ce kika ce a dawo da bawan Allah da sanda?"

"Ni ce, Hajiya."

Musun ya yi zafi har wasu fasinjoji biyu da ba su karanta ba suka ɗauki ɓangare. Sai da suka wuce kwanar Badarawa da nisa Saliha ta lura, ta ce ba komai, za ta sauka a dawowa.